Ruwan Lagireto da Lafiyar Injin Mota: Jawabi ga Direbobi da Makanikai

Jama'a, sau da yawa akan tarar da mota a gefen hanya, tururi na tashi daga injinta, fasinjoji sun yi cirko-cirko cikin rana. Galibi abin da ke jawo haka shi ne tafasar ruwan lagireto.

A bakin teku, kamar Legas, ruwa zalla yana tafasa ne a digiri 100 na ma'aunin santigiret. A kan tudu irin na Jos kuwa, mai tsayin mita 1,200, tun a wajen digiri 96 yake tafasa. Shi kuma injin yakan yi aikinsa a wajen digiri 90, har ya zarce haka idan ana hawan tudu da kaya. Ashe ke nan ratar ba ta da yawa.

Abu biyu ne ke faɗaɗa wannan rata. Na farko shi ne maganin lagireto, wanda galibi ake yi da sinadarin etilin gilaikol. A ƙasashen sanyi an fi saninsa da hana ruwa daskarewa, don haka waɗansu ke zaton ba shi da amfani a ƙasa mai zafi. Wannan kuskure ne. Idan aka gauraya shi da ruwa rabi da rabi, ba zai tafasa ba sai wajen digiri 107, sa'an nan yana hana tsatsa. Na biyu shi ne murfin lagireto, wanda ke riƙe matsi a ciki. Da murfi mai ƙarfi kuma lafiyayye, wannan gauraye yakan kai kusan digiri 129 kafin ya tafasa.

Amma kada a ɗauka yawan magani shi ne alheri. Maganin zalla ba ya kwasar zafi kamar ruwa, saboda haka kada ya wuce kashi 70 cikin 100. A karanta rubutun jikin galan, domin akwai wanda aka riga aka gauraya tun daga masana'anta. Wajen gauraya kuwa a nemi tataccen ruwa, gama ruwan rijiya yakan bar ɓawo ya toshe hanyoyin lagireto.

Daga ƙarshe, kada direba ya buɗe murfi injin na da zafi, domin tafasasshen ruwa zai feso masa a fuska. Kuma maganin nan guba ne mai zaƙi-zaƙi, yana lalata ƙoda. A ajiye shi nesa da yara da dabbobi, kada a zuba shi cikin kwalbar lemo.