Sabar imel ɗinmu ta shiga baƙin jeri: laifin wa?

Yau maganar imel zan yi, kar ku gudu, ta shafi duk mai ƙungiya.

Watan jiya muka tura takardar neman tallafi, ba ta isa ba. Da muka bincika, ashe an saka sabarmu cikin jerin masu watsa saƙonnin banza. Mu fa!

Ga yadda abin yake. 'Yan damfara su turo saƙo zuwa adireshin da babu shi a wajenmu, su liƙa adireshin wani bawan Allah a matsayin mai aikowa. Sabarmu sai ta karɓa tukuna, daga baya ta ga babu mai wannan suna, ta aika "saƙonka bai isa ba" ga mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka muka dinga cika wa mutane akwati.

Ɗan'uwan da ya saita mana ya ce laifin manhajar ne, Exim, wai zaɓinta ya yi yawa. Eh, tun da Philip Hazel ya fara rubuta ta a Jami'ar Kambirij a 1995, kusan komai kana iya juya shi yadda ka so. Amma fa tana zuwa da layin da ke duba adireshi tun a bakin ƙofa, ta amsa da lambar 550, ta ƙi karɓa. Hannunmu ne ya cire layin.

Kuma wallahi ban ɗora masa shi kaɗai ba. Aikin sa-kai ya yi mana, babu wanda ya sake dubawa, har ni. Yanzu mun mayar da layin, muna jiran a goge sunanmu. Wa'adin tallafin dai ya wuce.