Kifin da ya yi kama da dutse: jawabi ga ƴan ƙungiya



Mu mutanen tudu ne, iyakar saninmu da ruwa tabki da gulbi. Ko da yake masana sun ce shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce teku ne ya lulluɓe Adar, shaidarsu kuwa ɓawon halittun ruwan gishiri da ake tsinta cikin duwatsunmu na farar ƙasa, yau dai ba mu san halin teku ba. Ga shi kuma ƴaƴanmu na zuwa Jidda da gaɓar Sudan, wasu aikin hajji, wasu neman abinci, har su shiga Bahar Maliya da ƙafa ba takalmi. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu ja kunne.

Kun san yadda tarwaɗa ke sajewa da taɓo. To, cikin duwatsun murjani na Bahar Maliya akwai wanda ya fi ta, ana ce da shi kifin dutse. Tsawonsa bai cika wuce santimita 40 ba. Jikinsa duk ƙuraje ne, launin dutse gare shi, har gansakuka kan tsiro a kansa. Ba ya bin abinci. Sai ya lafe cikin rairayi ya yi kwanton ɓauna, idanunsa da bakinsa na duban sama. Ƙaramin kifi na giftawa, sai ya buɗe baki ya zuƙe shi tare da ruwa, kafin ƙiftawar ido.

Abin tsoron shi ne ƙayoyi 13 da ke jere a gadon bayansa, kowace da jakar dafi a gindinta. Tun da ya dogara ga ɓuya, ba ya gudu in mutum ya matso. In an taka shi, nauyin ƙafar ne ke matso dafin cikin nama. Zafinsa mai tsanani ne ƙwarai, ƙafa ta kumbura, wani lokaci har a rasa rai.

Saboda haka ga gargaɗinmu. Kada a shiga ruwan sai da takalmi mai kaurin ƙasa. Kada a ɗauki dutse da hannu. In tsautsayi ya afku, a tsoma ƙafar cikin ruwan zafi wanda fata za ta iya jurewa, misalin digiri 45, don zafi na karya ƙarfin dafin. Kada a ɗaure, kada a yi tsaga. A hanzarta zuwa wurin likita, gama akwai allurar makarinsa, wadda aka fara yi a Ostareliya a 1959.

Magabata sun ce kama da wane ba wane ba ne. Duk wanda ke da ɗa ko ƙane a can, ya isar masa da wannan saƙo.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya maido su lafiya.