Ina Ribar 'Yancin? Waiwaye Daga Zamanin En'e Zuwa Yau

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya

 

Kwamitin shirye-shirye ya ɗora mana nauyin yin magana a kan wata gardama da ta daɗe tana raba kawunanmu a duk inda muka zauna: shin wannan aƙida ta 'yanci, wadda siyasar zamani ta zo da ita, ta amfani al'umma ko kuwa asara ta jawo? Cikin dattawanmu akwai masu cewa gara zamanin En'e, lokacin da mutum ke kwana ƙofarsa a buɗe. Cikin samarinmu kuma akwai masu cewa gara soja. Tun daga watan Yulin 2023, da sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Muhammad Bazoum a Nijar, wannan murya ta ƙara ƙarfi, har muka ga yara suna ɗaga tutar Rasha a titunan Kano lokacin zanga-zangar watan Agustan 2024. Ruwa ba ya tsami banza, saboda haka bai kamata mu yi wa masu wannan ra'ayi dariya ba.

Abin da ake nufi da aƙidar a taƙaice shi ne: jama'a su zaɓi mai mulkinsu, su kuma iya sauke shi, doka ta hau kan kowa, kada a tsare mutum sai da shari'a, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, ya yi addininsa, ya mallaki abin da ya nema. Masana sukan jingina ta ga John Locke na Ingila da juyin juya halin Faransa na 1789. Sai dai mu sani, Locke ɗin nan yana da hannun jari a kamfanin da ke fataucin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, shi kuwa John Stuart Mill, wanda ya rubuta shahararren littafinsa a kan 'yanci a 1859, ma'aikaci ne na kamfanin da ya mallaki Indiya, kuma ƙiri-ƙiri ya ce abin da yake faɗa bai shafi al'ummomin da yake gani ba su waye ba. Shi ya sa da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ba su zo mana da akwatin zaɓe ba. Ƙarfafa En'e suka yi, suka ba ta 'yan doka da gidan yari da baitulmali, ta yi musu aiki.

Waɗanda suka nemo mana 'yancin 'ya'yan ƙasar nan ne. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa En'e garambawul. A ranar 8 ga Agustan wannan shekara aka kafa NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya jagoranta. Shi da Malam Sa'adu Zungur kuwa 'ya'yan malamai ne da suka sha karatun zaure, kuma hujjojinsu da yawa daga littattafan masu jihadi suka ɗebo su. Ai a Kitabul Farƙi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ambaci jangali da gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin zaluncin da ya soka a kan sarakunan Haɓe. Don haka wanda ya ce neman adalci daga shugaba baƙon abu ne da Bature ya kawo, bai yi wa tarihinmu adalci ba.

To, me aka samu? A nan za mu ɗan daɗe, domin yawancin waɗanda ke cikin wannan zaure ba su ga zamanin da ake yabo ba. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma mu tambayi tsofaffinmu da kyau. Za su ba mu labarin magidanci da aka shanya a rana a ƙofar dagaci saboda kuɗin haraji, da wanda ya sayar da akuyar matarsa, da wanda ya tsere ci-rani don ya kasa biya. Za su ba mu labarin aikin tilas, inda ake ɗebe samari daga gonakinsu ana tsakiyar damina su je noman gandu ko gyaran hanya. Mai mulki shi ke da ɗan doka, shi ke naɗa alƙali, shi ke da kurkuku. In ya zalunce ka, wa za ka kai wa ƙara? A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, NEPU ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma da aka je matakan sama, inda En'e ke da ikon cusa mutanenta, ko ɗan takararta ɗaya bai kai majalisa ba. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan neman mata su fito siyasa. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, iyayenmu mata na Arewa kuwa sai a 1976 suka samu wannan dama.

Sannu a hankali aka kwance waɗannan igiyoyi. Tsarin mulkin 1960 ya zo da babi na haƙƙin ɗan Adam, bisa shawarar kwamitin Willink. Dokar kotunan yanki ta 1967 ta raba sarakuna da kotunansu, aka kuma haɗe 'yan dokan En'e da 'yan sandan tarayya. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, aka kuma buɗe firamare kyauta ga kowa. A 1979 gwamnonin PRP, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Yau talaka yakan buga waya gidan rediyo ya caccaki gwamna da sunansa, ya koma gida ya yi barci. A 2015 ƙuri'a ta kayar da shugaban ƙasa mai ci. Mu dubi juna a wannan zaure: likitoci nawa ne, lauyoyi nawa, manyan sakatarori nawa, waɗanda kakanninsu ba su isa su wuce ƙofar hakimi da takalmi ba? Mu da ke birni mu ne muka fi kowa cin moriyar wannan canji, kuma rashin godiya ne mu musanta.

Amma masu ƙorafi suna da hujja, hujjarsu kuma mai nauyi ce.

Aƙidar ba ta tsaya a kan ƙuri'a ba, ta zo da ƙanwarta ta kasuwa, mai cewa gwamnati ta cire hannunta daga ciniki. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin SAP, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka saki naira. Kafin nan naira ɗaya tana kafaɗa da kafaɗa da dalar Amurka. A 2024 sai da dala ɗaya ta haura naira 1,500. Ba mu ce hukumomin sayen gyaɗa da auduga waliyyai ba ne, don sun daɗe suna saye da arha daga manomi su sayar da tsada a waje, dalar gyaɗa ma fari da cuta sun rushe ta tun shekarun 1970. Amma da aka kawar da su ba a ajiye komai a gurbinsu ba, sai manomi ya faɗa hannun 'yan baranda. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran suka bi ta, 'ya'yan garin nan da ke aiki a Kakuri da Bompai da Sharaɗa suka dawo gida hannu rabbana. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Mai fama da yunwa in ka ce masa yana da 'yancin magana, sai ya tambaye ka ko ana tuƙa tuwo da shi. Tsarin mulkin 1999 kansa ya nuna wannan giɓi: haƙƙoƙin da ke Babi na Huɗu, irin su magana da taro, ana iya zuwa kotu a kansu, amma ilimi da lafiya da walwala da ke Babi na Biyu an hana kotu tilasta wa gwamnati su.

Akwai kuma wani abu da ba mu cika so a faɗa ba. Haraji, duk da zaluncin da aka yi wajen karɓarsa, ya sa hukuma ta san kowane gida, ta san baƙon da ya kwana a gari, ta san burtali da makiyaya da iyakar gona. Da aka soke shi, kuɗin man fetur kuma ya riƙa saukowa daga sama, sai ya zama shugaban ƙaramar hukuma ba ya bukatar aljihunmu, don haka ba ya bukatar yardarmu. Gwamna yake kallo, don ta asusun haɗin gwiwa kasonsa ke biyowa. Dagaci an bar shi da rawani ba iko, kansila yana da iko a takarda amma ba a ganinsa sai lokacin zaɓe. A cikin wannan fili da aka bari ba mai tsaro ne rikicin manomi da makiyayi ya girma, har ya kai mu ga 'yan bindigar da suka hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato. Mu ma da namu laifin: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya sayar da ƙuri'arsa a kan taliya da sabulu da turmin atamfa ya karɓi kasonsa na shekara huɗu ke nan.

Ga samarinmu masu kiran soja, muna roƙon su duba abu biyu. Gaskiya ne gyaran 1967 da na 1976 sojoji ne suka yi su. Amma sojoji ne kuma suka kafa Doka ta 2 ta 1984 ta tsare mutum ba shari'a, da Doka ta 4 wadda aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a ƙarƙashinta. SAP ɗin da muke kuka da shi ma soja ne ya kawo shi, ba wanda ya zaɓe shi. A Nijar kuwa an rushe jam'iyyun siyasa gaba ɗaya a 2025. In soja ya yi daidai, madalla. In ya kuskure, ba ranar da aka sa don a sauke shi.

Ra'ayinmu shi ne, ɓangaren aƙidar da ya ɗaure hannun mai mulki ya amfane mu ƙwarai, kuma ko kaɗan ba mu goyon bayan a mayar da shi. Ɓangaren da ya ce gwamnati ta naɗe hannu ta bar talaka da kasuwa, shi ya cuce mu, domin an saki kasuwa a ƙasar da ba wuta, ba hanya, ba bashin noma. Ƙuri'ar ma rabinta muka ɗauka, wato jefawa, muka bar rabin da ya fi wahala, wato bin sawu.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Hukunci ba ya aiwatar da kansa. Saboda haka muna gabatar wa wannan taro shawara, ya karɓa ko ya gyara. A kafa kwamiti na akantocinmu da zai riƙa samo alƙaluman kason da ƙaramar hukumarmu ke samu duk wata, tun da ana buga su a fili, a fassara su da Hausa, a karanta a kowace mazaɓa ranar kasuwa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba mu damar rubuta takarda mu nemi bayanin kwangilar da kuɗin tarayya ya shiga cikinta. Lauyoyinmu su raba watanni a tsakaninsu, kowa ya ɗauki nasa, ya leƙa ofishin 'yan sanda da kotun gari, domin sashe na 35 na tsarin mulki bai yarda a ajiye mutum fiye da kwana ɗaya ko biyu ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, amma wanda bai sani ba sai ya yi mako a tsare. Muna kuma roƙon iyayenmu hakimi da dagatai su ba wannan kwamiti wurin zama da albarkarsu, don kada a ce mutanen birni sun zo da wata jam'iyya a ɓoye. Kuɗin mota da na takarda, rassan Abuja da Legas su fara ɗauka a shekarar farko, sauran rassa su karɓa a bi da bi. Mun miƙa rubutacciyar shawarar ga sakatare domin a tattauna ta bayan sallar Azahar.

Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.