Amsoshin Takardunku: Tsibirin Da Jirgin Ruwa Ke Ciyarwa

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai tireda a Funtuwa, wanda ya ce ya ji labarin wai akwai ƙasar da ba a noma, mutanenta sun dogara ga biskit da alewa da lemon gwangwani. Yana tambaya, shin gaskiya ne? In kuwa haka ne, ai mai tireda ya tsinci dami a kala.

To Malam, labarin yana da tushe. Sunan ƙasar Nauru, wani ɗan tsibiri a Tekun Fasifik mai faɗin murabba'in kilomita 21, mutanensa kuma wajen dubu 12 ne. A da can kifi da kwakwa ne abincinsu. Amma a farkon ƙarni na 20 sai Turawa suka fara haƙar fosfat a wurin, watau ma'adinin nan da ake yin takin zamani na sufa da shi, irin wanda kuke zuba wa gyaɗa. Bayan ƙasar ta sami 'yancin kai a 1968 kuɗin ya dawo hannunta, har a shekarun 1970 aka riƙa lissafa mutanenta cikin mafi samu a duniya. Sai dai haƙar ta cinye kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar, ta bar tsirarun duwatsu inda fartanya ba ta da aiki.

Ga yadda kasuwar take. Kusan duk abin da za a ci jirgin ruwa ne ke kawo shi, akasari daga Ostareliya, tafiyar kilomita dubbai. Ɗan kasuwa kuwa ya san tumatir da ganye ba sa jure wannan tafiya, in ma sun iso ta jirgin sama, tsadarsu sai mai hali. Amma biskit da taliyar leda da soyayyen dankalin leda sai su yi watanni a kan kanta ba su lalace ba. Don haka su ake cika kwantena da su. Da yake masu saye kaɗan ne, masu shigo da kaya ma ba su da yawa, kuɗin dako kuma duk a kan mai saye yake ƙarewa. Ranar da jirgi ya yi jinkiri, kanta sai ta fara yin fayau.

Riba kam akwai ta, amma jiki ne ya biya. Binciken da likitoci suka yi a 1975 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin manya uku na tsibirin yana da ciwon sukari, ƙiba kuma ta zama ruwan dare. Shi ya sa a 2007 gwamnati ta ɗora harajin kashi 30 cikin 100 a kan sukari da alewa da lemon da ake shigowa da su. Ga shi kuma fosfat mai sauƙin haƙa ya kusan ƙarewa tun wajen 2000, kuɗi suka ja baya, gonar da za a koma kuwa babu.

Saboda haka Malam, ba mu ce ka daina sayar da biskit ba, sana'a ce ta halal. Amma ka bar wa ƙuli-ƙuli da aya da soyayyar gyaɗa wuri a teburinka, domin kuɗinsu a garinku suke zagayawa. Ku kuma manoma, in an zo taya gona da kuɗi masu tsoka, a tuna da mutanen Nauru kafin a ce an sallama.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. A ci gaba da aiko mana da takardu.