Jawabin Shugaban Asibiti a Bikin Buɗe Ɗakin Binciken Sankarar Jinin Yara

 

Mun gode wa Allah. An gyara sashen yara, an horar da ma'aikata, an kawo na'urori, ga ɗakin bincike ya tsaya da ƙafarsa. To me za a bincika a ciki? Tun 1948 da Sidney Farber ya nuna a Boston cewa magani na iya danne sankarar jinin yara, tambayar ɗaya ce: me ya sa yara biyu, ciwo ɗaya, magani ɗaya, wannan ya warke, wancan ciwon ya dawo? Wani ɓangare na amsar yana cikin ƙwayoyin gado. Maganin sankara umarni yake ba ƙwayar sankarar ta kashe kanta. Ƙwayar gado BIM ce ke isar da umarnin maganin prednisone, BCL-2 kuwa, kamar yadda aka gano a Melbourne a 1988, toshe wa ƙwayar kunne take yi ta ƙi mutuwa. Wanda ya rinjaya tsakaninsu yana da hannu babba a makomar yaron.

Wasu za su ce wannan ilimin ƙasashe masu kuɗi ne, mu da zazzaɓin cizon sauro bai bar mu ba. Maganarsu tana da nauyi. Amma likitocin Jamus sun daɗe da nuna cewa ƙirga ƙwayoyin sankara a jini rana ta 8 da fara prednisone yana bayyana yaron da ke buƙatar magani mai ƙarfi, kuma madubin likita da ƙwararren ido sun isa wannan aikin. Talaka ne ma ya fi buƙatarsa, domin uban da ya sayar da gona ba shi da ta biyu da zai sayar idan aka yi kuskure.

Sai dai, ranka ya daɗe Kwamishinan Lafiya, akwai matsalar wutar lantarki.  Samfurin ɓargo da aka ɗiba daga ƙashin yaro yana kuka, idan firji ya mutu dare ɗaya, ya lalace har abada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin ceto kashi 60 cikin ɗari na yara masu sankara nan da 2030, alhali a ƙasashe matalauta da dama ba a kai kashi 30 ba. Muna roƙon a sa kuɗin wutar ɗakin nan da sinadaran gwaji cikin kasafin kowace shekara, a rubuce, kuma a sake su a kan lokaci.

Yanzu ina gayyatar Mai girma Kwamishina ya yanke ƙyalle.