Jawabi Kan Matsalar Ɗora Kwamfuta a Cikin Kwamfuta



An nemi mu yi magana a kan kukan da yaranmu suke yawan kawowa. Sun sa VirtualBox a kwamfutar tebur domin su koyi Linux ba tare da sun goge Windows ba, amma abin ya ƙi tashi. Ita wannan manhaja kyauta ce, tana hannun kamfanin Oracle tun 2010. Aikinta shi ne ta yanki wani ɓangare na ƙarfin kwamfutarka ta gina wata a ciki. Mu kira ta cikin baƙuwa, ta wajen kuma mai masauki. To, galibi laifin ba na baƙuwa ba ne, mai masauki ne ya kulle ƙofa. Shi kuwa yaro sai ya ruga a goge masa komai, ya biya kuɗi, takardunsa su salwanta, ya dawo ya tarar da matsalar tana nan daram.

Ƙofar tana cikin bayos, wato allon saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Yawancin kwamfutocin hannu na biyu da muke saye, irin na kasuwar Ikeja, suna iya zuwa da ita a rufe. Alamarta, manhajar za ta ce VT-x a kashe take, ko kuma ka duba jerin tsare-tsare ka ga babu masu 64. Ka kashe kwamfutar ka kunna, ka riƙa danna F2 in Dell ce, F10 in HP ce, F1 in Lenovo ce. Ka nemi inda aka rubuta Virtualization ka kunna. In injin na AMD ne, sunan da za ka gani SVM ne. Ka adana kafin ka fita, don nan ne da yawa suke mantuwa.

Ga wani abin da ba a cika faɗa ba. Wani ya gyara yau, an ɗauke wuta, gobe ƙofar ta sake rufewa. Ba aljanu ba ne, jama'a! Akwai ɗan batiri mai kama da kwabo a jikin allon kwamfutar, lambarsa CR2032, shi ke riƙe saitin. In ya mutu, agogon ma sai ya riƙa nuna kwanan wata na ƙarya. A canza shi kawai, ba shi da tsada.

Wani kuma baƙuwar ta tashi, amma tana jan ƙafa. Ya duba ƙasan tagar. In ya ga hoton koren kunkuru, to Hyper-V ta Windows ce ta riga ta kama wurin. Sai a kashe ta a cikin saitin Windows a sake kunna kwamfutar.

Batun ram, kada a yi wa baƙuwa karamcin da zai kashe mai gida. Mai giga 8 ya ba ta 4, ya tsaya nan. Mai giga 4 kuwa, muna ganin ya haƙura da Windows 11, domin ita kaɗai 4 take nema. Ya ɗora Linux mara nauyi.

In baƙin allo ya fito yana cewa bai sami abin tashi ba, fayil ɗin ISO ne ba a saka ba. A shiga sashen ajiya na baƙuwar a nuna mata shi.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.