Kwangila Ko Masana'anta? Darasi Daga Gwagwarmayar Baƙaƙen Fatar Amurka

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar wa 'yan uwa matasa a wani zama na ƙara wa juna sani, a kan yadda baƙaƙen fata da sauran 'yan tsiraru a Amurka suka nemi kafa masana'antu ta hanyar kwangilolin gwamnati da na manyan kamfanoni.

'Yan uwa, jawabin na yau zai fara ne da tambaya. Mutum ya iya ƙira, ya mallaki inji, ya ɗauki ma'aikata, ya fito da kaya masu kyau. To wa zai saya? Wannan tambaya ita ke raya masana'anta, ita ke kashe ta. Mai shago yana iya rayuwa da cinikin yau da gobe, amma mai masana'anta sai ya tabbatar akwai wanda zai riƙa karɓar kayansa shekara bayan shekara kafin banki ya saurare shi, kafin ya yi ƙarfin halin sayen inji na biyu. A Amurka kuwa manyan masu sayen nan su ne gwamnati da manyan kamfanoni, domin gwamnatin tarayya kaɗai tana kashe ɗaruruwan biliyoyin daloli a kowace shekara wajen sayen kaya da ba da ayyuka. Shekara da shekaru wannan ƙofa a rufe take ga baƙar fata. A wasu wurare dokar wariya ce ta rufe ta, a wasu kuma al'ada ce kawai, wato mai ba da oda yana kiran wanda ya sani, wanda ya sani kuwa farar fata ne irinsa.

Abin da wannan tarihi zai nuna muku shi ne cewa kwangila tana buɗe ƙofa, amma ba ita ke riƙe masana'anta ba. Abin da ke riƙe ta shi ne mallaka ta gaskiya da sanin aikin.

DALA GOMA A WATA

A birnin Filadelfiya an yi wani limamin coci baƙar fata mai suna Leon Sullivan. A 1960 shi da limaman coci kimanin 400 suka ƙulla yarjejeniya cewa duk kamfanin da ke sayar wa baƙaƙe kaya amma ya ƙi ɗaukar su aiki mai daraja, to za su gaya wa mabiyansu su daina sayen kayansa. Kamfanoni suka ga ciniki na faɗuwa, suka fara ɗaukar baƙaƙe. Sai wata matsalar ta ɓullo, wato ga guraben aiki, amma matasan da suka iya aikin ba su da yawa. Saboda haka a 1964 Sullivan ya buɗe cibiyar koyar da sana'o'i a cikin wani tsohon ginin 'yan sanda da aka yi watsi da shi.

Tun kafin wannan, a 1962, ya nemi 'yan cocinsa kowa ya riƙa ba da dala 10 a wata har tsawon wata 36. Ku lissafa, dala 360 ke nan a kan mutum guda, kuɗin da ba zai sayi inji ko ɗaya ba. Amma da aka haɗa na jama'a, a 1968 suka buɗe babbar cibiyar kasuwanci mai suna Progress Plaza, kuma a wannan shekarar suka kafa masana'antar Progress Aerospace, wadda ke ƙera sassan na'urorin sararin samaniya bisa kwangilar da kamfanin General Electric ya ba ta. Sun kuma kafa masana'antar ɗinkin tufafi. A 1971 Sullivan ya zama baƙar fata na farko da ya zauna a kwamitin daraktocin General Motors.

Ku lura da yadda abin ya jeru. An fara da haɗa kai wajen saye, aka koyar da aiki, aka tara jari, sannan kwangila ta zo ta tarar da mutane a shirye. Ba kwangilar ce ta fara zuwa ba.

GWAMNATI TA SHIGO

A watan Yuli na 1967 tarzoma ta ɓarke a birnin Detroit, cibiyar ƙera motoci, mutane 43 suka mutu. Irin wannan ya faru a birane da dama a waɗannan shekaru. Mahukunta da masu kamfanoni suka fahimci cewa unguwannin da ba su da aikin yi ba za su zauna lafiya ba. Kada wani ya ɗauka tausayi ne tsagwaronsa, akwai tsoro a ciki, akwai kuma lissafin siyasa.

A 1969 shugaba Nixon ya kafa ofishin bunƙasa kasuwancin 'yan tsiraru a ma'aikatar ciniki. Hukumar ƙananan kamfanoni kuma ta fara amfani da wani sashe na dokarta, sashe na 8a, wajen karɓo kwangila daga ma'aikatun gwamnati ta miƙa wa kamfanonin waɗanda aka danne, sau da yawa ba tare da an yi gasa ba. Sharaɗin shi ne kashi 51 cikin 100 na kamfanin ya zama mallakinsu. A 1977 ɗan majalisa Parren Mitchell ya sa aka shigar da wani sharaɗi a dokar ayyukan raya ƙasa ta dala biliyan 4, cewa kashi 10 cikin 100 na kuɗin ya tafi ga kamfanonin 'yan tsiraru, kuma a 1980 Kotun Ƙoli ta amince da hakan.

A birnin Atlanta, inda a lokacin baƙaƙe suka haura rabin jama'a, rabonsu a kwangilolin birnin bai kai kashi 1 cikin 100 ba lokacin da aka zaɓi Maynard Jackson a 1973 ya zama magajin gari baƙar fata na farko. Da aka zo yin sabon ginin fasinjoji na filin jirgin sama sai ya kafe a kan cewa kashi 25 cikin 100 na aikin sai an yi shi da 'yan tsiraru, ko da kuwa ta hanyar haɗin gwiwa da manyan 'yan kwangila ne. An yi ta kai ruwa rana, amma a 1980 aka buɗe sabon ginin.

DETROIT DA HAƊIN GWIWA

To amma gini daban, masana'anta daban. Gini yana ƙarewa, ita kuwa masana'anta tana buƙatar oda a kullum. Shi ya sa kamfanonin motoci suka fi muhimmanci a wannan labari. General Motors ya fara shirin sayen kaya daga kamfanonin 'yan tsiraru a 1968, Ford kuma a 1978. A 1972 wasu manyan kamfanoni suka kafa wata majalisa ta ƙasa wadda ke tantance cewa lalle kamfani mallakin ɗan tsiraru ne kuma shi ke tafiyar da shi, sannan ta haɗa shi da masu ba da oda.

Ku ɗauki misalin Dave Bing. Shahararren ɗan ƙwallon kwando ne a Detroit, amma a lokutan hutun wasa yana aiki a wani banki yana koyon harkar rance. Da ya yi ritaya a 1978 bai ce ai sunansa ya ishe shi ba, sai ya shiga wani kamfanin sarrafa ƙarfe ya yi kimanin shekara biyu yana koyo. A 1980 ya kafa Bing Steel da ma'aikata ƙalilan. Ya yi asara a farko, amma da General Motors ya fara sayen ƙarfe a hannunsa sai kamfanin ya miƙe, daga baya ya shiga ƙera sassan mota. Wannan mutumin shi ne ya zama magajin garin Detroit daga 2009 zuwa 2013.

Misali na biyu shi ne Bridgewater Interiors, wanda Ron Hall ya kafa a 1998. Ƙera kujerun mota aiki ne da ke son injuna masu tsada da injiniyoyi, kuma sai kujera ta isa layin haɗa mota a daidai lokacin da ake buƙatarta, in ta makara layin gaba ɗaya ya tsaya. Sabon kamfani ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Sai aka yi haɗin gwiwa, ɓangaren Hall ya riƙe kashi 51, babban kamfanin Johnson Controls ya riƙe kashi 49 tare da kawo fasaharsa, General Motors kuma ya ba su kwangilar kujerun motar Cadillac ta kimanin dala miliyan 900. Aka gina masana'antar a cikin Detroit, aka ɗauki mutanen gari aiki, daga baya ta samu oda daga wasu kamfanonin motoci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ku duba wa ke riƙe da rinjaye.

KURA DA FATAR AKUYA

Yanzu ga ɗaya ɓangaren. Duk inda aka ware rabo, to masu kwaɗayi za su biyo. A unguwar Bronx ta birnin Niyok an yi wani kamfani mai suna Wedtech, wanda wani maƙeri ɗan asalin Puerto Rico, John Mariotta, yake cikin waɗanda suka kafa. Ta hanyar sashe na 8a kamfanin ya samu kwangilolin soja na kimanin dala miliyan 250, daga ƙananan injuna na sojan ƙasa zuwa gadojin ƙarfe masu yawo a kan ruwa na sojan ruwa. A 1984 shugaba Reagan da bakinsa ya yaba wa Mariotta a matsayin gwarzo. Ashe rinjayen hannun jari ya riga ya bar hannunsa, takardu aka shirya don a nuna har yanzu shi ne mai kamfanin, kwangilolin kuma da cin hanci ake samo su. A ƙarshen 1986 kamfanin ya durƙushe, a 1988 aka samu ɗan majalisar tarayya Mario Biaggi da laifi, ya tafi gidan yari. Su waye suka fi shan wahala? Talakawan Bronx da suka rasa aikinsu, da kuma kamfanonin gaskiya da aka fara yi wa kallon zargi. A 1988 ɗin majalisa ta yi wa shirin gyara, ta iyakance zaman kamfani a cikinsa zuwa shekara 9.

ABIN DA DOKA TA BAYAR

Sai kuma kotu. A wancan lokacin birnin Richmond rabin jama'arsa baƙaƙe ne, amma a cikin shekaru biyar kafin 1983 kamfanonin 'yan tsiraru kashi 0.67 cikin 100 kacal suka samu na manyan kwangilolin gini. Birnin ya ware musu kashi 30. A 1989 Kotun Ƙoli ta soke wannan tsari, ta ce sai an kawo ƙwaƙƙwarar hujja ta wariyar da aka yi a wannan fanni a wannan wuri. A 1995 ta ɗora wa gwamnatin tarayya irin wannan ma'auni mai tsauri. A 2023 wata kotun tarayya ta hana a ɗauka cewa mutum dannanne ne don launin fatarsa kawai a shirin 8a. A 2024 wata kotu a Teksas ta umarci hukumar bunƙasa kasuwancin 'yan tsiraru ta buɗe ƙofarta ga kowane jinsi. A watan Maris na 2025 shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin rage hukumar zuwa mafi ƙarancin abin da doka ta tilasta, aka shiga shari'a a kai.

Masu adawa da waɗannan shirye-shirye suna cewa bai dace gwamnati ta duba launin fata ba wajen kashe kuɗin jama'a. Masu goyon baya suna cewa an yi ɗaruruwan shekaru ana duba launin fatar wajen hanawa, ba za a gyara ɓarnar da rufe ido ba. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, abu ɗaya ya fito fili, wato abin da sa hannun wani shugaba ya bayar, sa hannun wani yana iya ƙwacewa. Haka nan dogaro da mai saye guda yana da nasa haɗari. A 2009, lokacin da General Motors da Chrysler suka shiga fatara, ƙananan masana'antun da ba su da wani mai saye sai su sun ji jiki matuƙa.

A TAƘAICE

To 'yan uwa, duk wanda aka kawo wa maganar haɗin gwiwa da babba, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ya yi. Na farko, wa ke da rinjayen mallaka, kuma wa ke sa hannu a fitar da kuɗi? Na biyu, bayan shekara biyar mutanensa za su iya tafiyar da injin su gyara shi, ko kuwa har yanzu sunansu kawai ke kan allo? Na uku, in wannan mai sayen ya janye gobe, akwai wani? Na huɗu, shin kayan za su iya tsayawa a kasuwa da ingancinsu da farashinsu ko da babu wani rabo da aka ware?

Mutanen Sullivan sun fara da dala 10 a wata. Bing ya fara da zama ɗan koyo bayan ya yi suna. Wedtech kuwa ya dogara da sanin manya da takardun ƙarya. Dukansu sun samu kwangila, amma ƙarshensu ba ɗaya ba ne. Saboda haka saurayin da ke fatan a buɗe masa ƙofa, ya fara tambayar kansa me ya iya ƙerawa, kuma su wa ya haɗa kai da su, domin ranar da ƙofar za ta buɗe ba za ta jira wanda bai shirya ba.

Nan jawabin ya tsaya, aka shiga tambayoyi.